Yadda Ake Gano Ciwon Tsohuwar Na'urar Gem Kafin a Ɗauki Ƙarfen Soda

Duk wanda ya miƙo mini tsohuwar na'urar gem, kusan magana ɗaya yake yi: "Ta mutu, ina jin fanel ne ya ƙone," wato allon ciki da kayan lantarkin ke zaune a kai. Ni kuwa na daɗe da daina yarda da wannan hukunci. Mafi yawan waɗanda suka ratsa ta hannuna ba mutuwa suka yi ba, suma suka yi. Ko dai adaftar ba tasu ba ce, ko waya ta tsinke daga ciki, ko dattin shekara talatin ya toshe bakin kaset. Ai-si, wato ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da yawa da ke kan fanel, yakan ƙone, ba a ce ba ya ƙonewa ba, amma shi ne na ƙarshe a cikin waɗanda ake tuhuma.

Shi ya sa binciken nan daga waje yake farawa ya shiga ciki: wuta, sai hoto, sai kaset, sannan a kwance noti. Misalaina daga waɗanda aka fi cin karo da su ne: Famicom ta 1983 da 'yar'uwarta NES ta 1985, Mega Drive ta 1988, Game Boy ta 1989, Game Gear ta 1990, Super Nintendo, PlayStation ta farko ta 1994, da Nintendo 64 ta 1996. Doka ɗaya za ka riƙe: abu ɗaya ake canzawa, a gwada, sannan a matsa gaba. In ka canza waya da adafta da kaset gaba ɗaya na'ura ta tashi, ba ka san wanda ya tashe ta ba, kuma ranar da ta sake kwantawa daga farko za ka faro.

Kayan aiki

Babbar ita ce mitar awon wuta, wadda ke auna bolt na DC, wutar da ke bin hanya ɗaya irin ta batir, da na AC, mai kai da komo irin ta bango, kuma take yin ƙara idan ka haɗa bakunan wayoyinta biyu. Ko mafi arha ta isa. In babu mita, mataki na 1 zuwa na 4 duk za ka iya yinsu ta hanyar musanya kaya da waɗanda ka san suna aiki, amma daga na 6 lalube kawai za ka yi a duhu.

Sai sukudireba. Jikin NES da na Mega Drive notuna ne na yau da kullum masu kan giciye. Super Nintendo da Nintendo 64 kuwa notunansu na musamman ne, masu zagayayyen kai da tsaga-tsaga a gefe, sai da baki mai milimita 4.5, na kaset ɗinsu kuma mai 3.8. Yawancin Game Boy noti mai tsaga uku ne da ita. In ba ka samu bakin musamman ɗin ba, ka ɗauki tsohuwar sukudireba mai faɗin baki ka goge tsakiyarta da zarto har ta zama mai haƙora biyu. Akwai masu narka bututun biro su danna a kan notin ya ɗauki siffarsa. Yana yi, amma da wuya ya kwance noti uku bai lalace ba.

Na tsafta su ne sifirit mai ƙarfi, kashi 90 cikin 100 ko sama, da tsinken auduga na goge kunne, da tsohon burushin haƙori, da farin abin goge fensir, da ɗan binega saboda ruwan batir. Ka ƙara da gilashin ƙara girma, ko kyamarar wayarka, wadda da ita za ka ɗauki hoton kowane abu kafin ka cire shi. Ƙarfen soda da dalma su zauna a gefe tukuna.

Abin da ya fi duka amfani, kuma ake mantawa da shi: kaset guda ɗaya da ka tabbatar yana aiki a wata na'urar, da wayar hoto da ka tabbatar lafiyarta lau.

Mataki na 1: Tambaya, kallo da sansana

Kada ka jona ta tukuna. Tambayi mai ita yaushe rabonta da aiki, ina aka ajiye ta, wace adafta aka jona mata a ƙarshe. Amsar tambaya ta uku sau da yawa ita ce rabin binciken.

Sannan ka girgiza ta a hankali kusa da kunnenka. In wani abu na ƙarfe yana yawo a ciki, sai an buɗe an cire shi kafin wuta ta shiga. Kai hancinka wajen ramukan iska: ƙaurin ƙonewa labari ne, ƙarni irin na kifi kuma alamar kafasita ce, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta, ta yi yoyo. Na hannu irin Game Boy, buɗe gidan batir. Farin gari ko shuɗi-kore a kan ƙarafunan ruwan batir ne ya bushe. Shafa masa binega da tsinken auduga, za ka ga yana ɗan kumfa, in ya daina ka bi da sifirit ka bari ya bushe.

Mataki na 2: Adafta

A nan ake kashe na'urori masu lafiya, don haka zan ɗan daɗe. Shigar bakin adafta cikin rami ba shi ne dacewa ba. Abu huɗu za ka karanta a jikin adaftar, ka kwatanta da rubutun da ke ƙasan na'urar ko kusa da ramin wutarta.

Na farko, wutar bango da take ɗauka. Adaftar da aka yi wa Japan bolt 100 take so, ta Amurka 120, ta Turai 220 zuwa 240. Tsofaffin adaftocin nan masu nauyi ba sa daidaita kansu kamar cajar waya. Ka jona ta Japan a wuta mai 230, ka gama da ita. PlayStation ta farko ma da ba ta da adafta a waje, dokar ɗaya ce, gidan wutarta na ciki na ƙasar da aka yi wa ita ne.

Na biyu, AC take fitarwa ko DC. Adaftar NES bolt 9 na AC take bayarwa, domin NES tana da abin da ke miƙar da wutar a cikinta. Famicom da Mega Drive ta farko DC suke sha, kuma abin takaicin bakin adaftar NES yana shiga raminsu daram. Wanda ya jona haka yana iya ƙone su nan take. Akasin haka ba ya ɓarna, NES takan karɓi DC ba matsala.

Na uku, tsakiyar bakin + ne ko −. Akwai ɗan zane a jikin adaftar, da'ira mai ɗigo a tsakiya, layi ya fito daga ɗigon zuwa ɗaya daga cikin alamomin biyu. Famicom da Mega Drive ta farko tsakiyarsu − ne, wanda ya saɓa wa yawancin adaftocin zamani. Mega Drive ta biyu tsakiyarta + ne, bakinta kuma ya fi siriri.

Na huɗu, amfiya. Wannan in ta fi abin da na'ura ke nema babu laifi, abin da take buƙata kawai za ta ja. In ta gaza ne hoto zai riƙa rawa ko na'urar ta riƙa sake tashi da kanta.

Yanzu auna. Sa mita a kan DC ko AC gwargwadon rubutun, waya ɗaya a cikin bakin, ɗaya a jikinsa na waje. Kada ka firgita in adaftar da aka rubuta wa bolt 9 ko 10 ta nuna 13 ko 14. Haka tsofaffin suke in ba a ɗora musu kaya ba, da na'ura ta fara ja sai su sauko. Sifili ne abin damuwa. In ka ga sifili, lanƙwasa wayar kusa da bakin da kuma inda ta fito daga jikin adaftar kana kallon mita, wuraren nan biyu ne take tsinkewa. Adafta ta tabbata amma fitilar na'ura ba ta kama ba? Motsa bakin a cikin ramin. In fitila ta yi ƙyal ta ɗauke, dalmar da ta riƙe ramin ce ta tsage, ciwon da Mega Drive ta biyu ta yi suna da shi.

Mataki na 3: Talabijin da wayar hoto

Akwai wata na'ura da na yi dare uku a kanta. Na canza kafasita goma sha wani abu, na bi kowace jijiya da mita, hoto dai babu. A dare na ukun gwiwar hannuna ta bugi wayar hoton, sai ga wasa ya bayyana tar, ya sake ɓacewa. Jijiyar rawayan baki ce ta tsinke a cikin roba, tun ranar farko lafiyar na'urar ƙalau. Tun daga nan ban sake kwance noti ba sai na gwada waya ta biyu.

Talabijin na zamani ma yana yaudara. Waɗannan na'urori wani irin hoto suke fitarwa mai layi kusan 240, wasu sababbin talabijin ba sa gane shi, sai su ce babu sigina. Wasu kuma ramin rawaya da na kore ɗaya ne a jikinsu, in ba ka zaɓi AV a cikin saiti ba hoton ya fito fari da baƙi. Hoto fari da baƙi, ko mai gangarawa sama ba tsayawa, yakan kuma zama saɓanin tsari: na'urar NTSC ce ta Amurka ko Japan, talabijin ɗin kuwa PAL kaɗai ya sani. Babu ɗaya a cikin waɗannan da yake ciwon na'ura. In da hali, gwada a tsohon talabijin mai ƙeya. Amma kada ka buɗe bayansa da sunan bincike, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi.

In ta ramin eriya ake jona ta, na'urorin Amurka tasha ta 3 ko ta 4 suke fitowa, da ɗan makunnin zaɓi a baya, na Turai kuma wajen tasha ta 36 ta UHF. Duk na'urar da ke da AV, da shi za ka yi gwaji, ka cire eriya daga lissafi.

Kunne ma abin awo ne. Mega Drive ta farko tana da ramin iyafis a gaba da abin ƙara murya. In ka ji kiɗan wasa ta nan alhali allo baƙi ne, ƙwaƙwalwar, wato babban ai-sin da ke tafiyar da wasa, na aiki, kaset ya karantu, matsalar tana kan hanyar hoto kaɗai. Nintendo 64 kuma, ɗaga ɗan murfin da ke samanta ta gaba. Dole a samu ɗan akwatin da ake sokawa a ramin, wanda ake kira Jumper Pak, ko Expansion Pak. In an zare, fitila za ta kama, hoto ba zai taɓa zuwa ba.

Mataki na 4: Kaset da bakinsa

Hura kaset da baki da muka taso muna yi ba ya gyara komai. Cirewa da mayarwar ce take sa haƙoran su sake zama, danshin numfashi kuwa tsatsa yake ƙarawa. Jiƙa tsinken auduga da sifirit ka goge haƙoran kaset gaba da baya, ka yi ta canza tsinke har ya fito fari. In baƙin ya kafe, buɗe kaset ɗin ka murza da abin goge fensir, ka bi da sifirit. Takardar yashi da man goge ƙarfe haramun ne a nan. Rufin da ke kan haƙoran siriri ne ƙwarai, ka kankare shi yau ya yi ƙyalli, bayan 'yan watanni ya fi da lalacewa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Bakin da ke jikin na'ura kuma, naɗe tsohon katin roba da siririn ƙyalle marar gashi, jiƙa da sifirit, ka soka ka zare a miƙe sau da yawa. Kada ka ja shi gefe da gefe, zai kama ƙafa ya lanƙwasa ta. Haska ciki da tocila tukuna, nakan tarar da guntun takarda, har da tsabar kuɗi.

Yanzu kunna ka karanta abin da na'urar ke faɗa maka, don kowace da yarenta.

NES in jar fitilarta tana ƙiftawa kamar sau ɗaya a daƙiƙa, allo yana walƙiya tare da ita, wani ɗan ai-si ne mai suna 10NES yake neman takwaransa na cikin kaset, bai ji amsa ba, sai ya yi ta sake tayar da na'urar. Wato bakin nan mai ƙafa 72 bai kama kaset ba, ko kuma kaset ɗin na wani yanki ne. In fitila ta tsaya cak amma allo launi ɗaya ne, masu gadin sun gaisa, ƙwaƙwalwa ce ba ta karanta wasan ba. In kuwa kiɗa yana tafiya daidai, wasa yana amsa hannu, amma hoton ya zama tarkacen murabba'ai, ƙafafun ɓangaren hoto ne ba su taɓa ba, domin kaset ɗin NES hanya biyu gare shi, ɗaya zuwa ƙwaƙwalwa, ɗaya zuwa ai-sin hoto.

Bakin mai ƙafa 72 zare shi ake yi, ba a soda shi ba. Ƙafafunsa sukan saki saboda yawan danna kaset ƙasa. Ka ɗaga kowace ƙafa kaɗan da bakin allura, ko ka tafasa shi a ruwa mai tsabta kamar minti ashirin, ka soka kaset ka zare sau da yawa, sannan ka bar shi ya bushe sarai, kwana guda ba yawa ba ne. Ni na fi son gyara na asali da sayen sabo, don sababbin sukan damƙe kaset har sai ka yi kokawa kafin ya fito. Za ka ji ana cewa a yanke ƙafa ta 4 ta 10NES. Ƙiftawar za ta tsaya, gaskiya ne, amma dattin yana nan inda yake, ka dai rufe bakin mai ba ka labari ne.

Game Boy daga cikin kaset take karanto tambarin da ke saukowa a farko. Baƙin sanda a wurin tambarin, ba ta ga kaset ba sam. Tambari mai yagaggun haruffa, ta gan shi amma da datti. Mega Drive ta baya-baya takan nuna rubutun lasisi kafin wasa. In ya fito sannan allo ya yi baƙi, ƙwaƙwalwa da hoto suna raye, koma kan kaset.

Wasan da ke aiki amma ba ya riƙe inda aka tsaya, batirin cikin kaset ne ya ƙare. A na Super Nintendo CR2032 ne mai bolt 3. Nemi mai kunnuwan soda, kada ka ɗora ƙarfe mai zafi a jikin batirin kansa.

Mataki na 5: Buɗewa

Zare wuta, sannan ka kunna makunnin na'urar na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar kafasita ta zube. A Super Nintendo za ka ga fitilar ta yi ƙyal sau ɗaya. Wanda ya tsallake wannan yakan ƙone fis da bakin sukudirebarsa. Taɓa wani ƙarfe babba kafin ka taɓa fanel, kuma ka riƙe shi ta gefe.

Na'urar da wayar bango ke shiga cikinta kai tsaye, irin PlayStation, Saturn, Dreamcast da Xbox, tana da gidan wuta a ciki wanda ke ɗauke da cikakkiyar wutar bango, babbar kafasitarsa kuma tana riƙe ta bayan an zare. Mai koyo kada ya kai hannu ko mita wannan ɓangaren.

Jera notuna yadda ka cire su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere yana huda fanel ko jiki. Sannan ka zauna da gilashi ka duba fuska biyun a natse: kafasita mai kumburin kai, danshi ko dusashewar dalma a gindinta, jijiya da ta koma kore ko baƙa, zoben tsaga siriri kamar gashi a dalmar ramin wuta, ramin hoto da ramukan hannu. Duk inda ake sokawa ana zarewa, nan dalma ke gajiya. In ka ga alamar wani ya riga ka shiga, dalma dunƙule-dunƙule ko waya da ba ta asali ba, fara zarginka daga nan.

Mataki na 6: Bin sawun wuta

Yawancin tsofaffin na'urorin kaset da ake jonawa a talabijin bolt 5 suke aiki da shi a ciki, kuma abin da ke samar da shi regileta ce mai ƙafa uku da aka rubuta wa 7805, ɗaure a jikin ƙarfen shan zafi. Mega Drive ta farko biyu gare ta. In rubutun yana kallonka ƙafafu suna ƙasa, ta hagu shiga ce, ta tsakiya giraun, wato layin − da duk kayan ke haɗuwa a kai, ta dama fita.

Fara ba tare da wuta ba. Sa mita a kan ƙara, taɓa ƙafar dama da ta tsakiya. Ɗan ƙit na daƙiƙa ɗaya ba komai, kafasitoci ne ke cika. Ƙara mai ɗorewa kuwa shot ne, wani abu ya haɗe bolt 5 da giraun, kuma kada ka ba ta wuta sai ka gano shi. Auna fis ma a haka. Na Super Nintendo ɗan ƙarami ne kamar rasista, amfiya 1.5, kusa da mashigar wuta. Mai lafiya zai yi ƙara. Wanda ya mutu a sa masa irinsa. Masu ɗaure wurin da waya suna mayar da ai-sin da ba a ƙera shi yanzu ya zama shi ne fis. Makunni ma a auna shi a kunne da a kashe, datti yakan hana shi haɗawa, ɗigon sifirit da kunnawa da kashewa sau ashirin yakan warware shi.

Sannan ka jona wuta. Maƙala baƙar wayar mita a giraun, ka riƙa taɓawa da jar kaɗai, da hannu ɗaya, a tsanake, don zamewar baki tsakanin ƙafa biyu ta isa ta jawo sabon ciwo. Ƙafar shiga tana son aƙalla bolt 7. Ƙafar fita ta nuna tsakanin 4.8 da 5.2. Shiga babu komai, matsalar tana baya: rami, fis, makunni. Shiga lafiya, fita babu ko ta yi ƙasa, regileta ce, ko wani abu a gaba yana janye ta. Fita ta haura 5.5, kashe nan take. Zafin 7805 al'adarta ce, amma kada ka bar ta tana aiki ba ƙarfenta.

Mataki na 7: Kafasita

Alamunta su ne gurnani a cikin sauti, inuwa mai faɗi tana hawa allo a hankali, murya ta yi ƙasa, ko na'ura ta ƙi tashi sai ta ɗumama. A NES babbar ta cikin akwatin ƙarfen da ke kusurwa, mai 2200µF, ita ake fara zargi. Game Gear kuwa ba sai an yi bincike ba: rashin sauti da allon da sai ka karkata shi kake gani, kafasitocinta ne, kuma duka ake canzawa. Xbox ta 2001 tana da wata ta riƙe agogo wadda a yawancin zubinta take yoyo ta cinye jijiyoyin da ke kewaye.

Ban da irin waɗannan, ba na goyon bayan a canza duka don kawai sun tsufa, tun ba a gano ciwon ba. Kowace ƙafa da mai koyo ya zare dama ce ta ɗaga jijiya. In za ka canza, lambar µF ta zama ɗaya, bolt ɗin daidai ko sama. Zanen da ke gefen mai siffar gwangwani ƙafar − yake nunawa, amma a 'yan ƙananan tantalum zanen + ne, an sha faɗawa wannan rami. Wanke ruwan da ya zuba da sifirit da burushi kafin ka ɗora sabuwa, ka kuma auna jijiyoyin wurin ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 8: Sai yanzu ai-si

Bolt 5 ya tabbata, kaset da bakinsa fes, waya lafiya, har yanzu shiru. Kunna ta minti ɗaya ka ɗora bayan yatsa a kan kowane ai-si, a na'urar adafta kaɗai. Ɗumi ba komai. Wanda ya yi zafin da ba ka iya riƙewa cikin 'yan daƙiƙu, musamman ƙananan na ma'adana, wato RAM, shi ne abin zargi. In a soket suke zaune, kamar na Atari 2600 na farko-farko, kashe wuta ka danna kowanne, wani lokaci za ka ji ƙas ya koma mazauninsa.

Ana ƙirga ƙafa daga inda ɗigo ko tsaga take, a bi akasin tafiyar agogo. A ƙwaƙwalwar NES, wato 2A03, ko 2A07 a ta Turai, ƙafa ta 40 bolt 5 ce, ta 20 giraun. Ta 3 ita ce ta sake tashi: ta hau kusa da 5 ta zauna, ta faɗi in ka danna Reset. In ta maƙale a ƙasa, ƙwaƙwalwar ba ta mutu ba, riƙe ta aka yi, duba maɓallin da 10NES. Ƙafa ta 31 bugun agogo take fitarwa, mita ba ta iya binsa, sai ta nuna wani abu a tsaka-tsaki. In ta nuna sifili cak ko 5 cak, agogo ya tsaya, koma wajen kiristal da 'yan kayan da ke kewaye da shi.

A Super Nintendo, wasan da ya nuna tambarin farko sannan ya daskare sau da yawa ɓangaren sauti yake jira bai amsa ba. A zubin farko ɓangaren akwatin ƙarfe ne da ake zarewa, zare shi ka goge ƙafafun ka mayar. Baƙin allo a kowane kaset bayan duk gwajin nan kuwa yakan zama ƙwaƙwalwar ce, kuma ba a samunta sai a jikin wata Super Nintendo. Irin wannan ba a zubar da ita, bakin kaset da makunni da jikinta duk za su yi wa wata amfani.

Masu faifai da hannuwa

PlayStation in ta nuna farin allo na farko sannan ta kai ka wajen katin ajiya da na kiɗa, fanel lafiya, faifan ne ba ta gani ba. Sa faifan kiɗa na asali. Bai juya ba sam, duba ɗan makunnin da murfi ke dannawa da kuma abin da ke riƙe faifai a tsakiya, yakan tsage. Ya juya bai karanta ba, goge idon da ke karanta faifan da tsinke mai ɗan sifirit, a hankali kamar kana taɓa ido na gaske. A zubin farko, irin SCPH-1001 da 1002, abin da idon ke zamewa a kai roba ne, yana cinyewa ido ya karkace. In ka kifa na'urar ta karanta, ka gano ciwon. Ɗan notin ƙara ƙarfin ido kada ka murɗa shi da ka, yana ƙarasa idon da ya rage. Kuma kada ka leƙa ido yana kunne, haskensa ba ya ganuwa amma yana illa.

Hannu kuwa, musanya shi da wani, sannan ka musanya rami. Maɓalli ɗaya ya ƙi, goge baƙar robar ƙarƙashinsa da inda take taɓawa. Duka sun ƙi, waya ce, galibi a inda ta shiga jikin hannun. A Dreamcast in ramuka huɗun suka mutu tare, auna fis ɗin da aka rubuta wa F1 a kan fanel ɗin ramukan.

Duk abin da ka gyara, gwada kafin ka rufe, sannan ka rufe ka ɗaure notuna duka ka bar wasa yana tafiya awa guda. Tsagaggiyar dalma da kafasita mai rauni sukan yi lamo a sanyi, sai ciki ya ɗumama suke nuna hali. In ta ɗauke a minti na arba'in, rubuta lokacin da abin da allo ya nuna, buɗe ta da zafinta, ka riƙa danna sassan fanel da bayan biro na roba har ka taɓa inda hoto zai motsa.